Yadda za ka ga tsohuwar Alƙahira a kwana biyu, daga gidan tarihi zuwa gine-ginen da kayansa suka fito

Mutanenmu da yawa suna zuwa Alƙahira, wani don karatu a Azhar, wani don ganin likita, wani don sarin kaya. In rana guda ta hutu ta samu, dalar Giza ake nufa, a hau raƙumi, a ɗauki hoto, da yamma a leƙa Masallacin Husaini a sayi carbi da turare a kasuwar Khan Khalili, a koma masauki. Ba laifi, amma birnin da daular Fatimiyawa ta kafa a 969, wanda sarakunan Mamalik suka cika da masallatai da makarantu daga 1250 zuwa 1517, wanda kuma hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 1979, yana nan a tsaye bayan shagunan carbin, ba a gan shi ba.

Shawarar da wannan jagora ya ginu a kanta guda ɗaya ce: ka fara da Gidan Tarihin Fasahar Musulunci da ke Babul Khalƙ, sannan ka shiga gari. Dalili kuwa shi ne, da yawa daga abin da ke cikin gidan nan daga masallatan birnin aka kwaso shi don gudun sata da lalacewa. Fitilun suna gidan tarihi, sarƙoƙin da suka rataye su suna masallaci. A gidan tarihi abin yana daidai idonka, da haske, da bayani a gefe. A masallaci yana can sama, ko ba ya nan ma sai gurbinsa. Wanda ya ga ɗaya bai ga ɗaya ba, rabin labari ya ji.

Kafin ka fito daga masauki

Daga Oktoba zuwa Afrilu ne lokacin yawo a ƙasa. Disamba da Janairu akwai sanyi na gaske, ka riƙe rigar sanyi. Yuni zuwa Agusta kuwa rana ba ta da dama, in a lokacin ka zo to ka sa gidan tarihi a tsakar rana, yawon titi ya koma safiya da la'asar. Kada ka zaɓi Jumma'a. Masallatai suna cika, wurare da dama suna rufewa lokacin salla, da yamma kuma Titin Mu'izzu, babban titin tsohon gari, ba masaka tsinke. Daga Lahadi zuwa Alhamis ya fi. A watan azumi ana tashi da wuri, sai ka tambayi masu masaukinka awoyin da ake buɗewa.

Kuɗin shiga yana sauyawa kusan kowace shekara, na baƙo kuma ya fi na ɗan ƙasa nesa ba kusa ba. Abin da ya fi muhimmanci ka sani shi ne, a yawancin manyan wuraren tarihi na Masar yanzu da katin banki ake sayen tikiti. Ka tabbatar katinka yana aiki a ƙasar waje tun kafin ka tsaya a layi. Ɗalibi mai shaidar ɗalibta yana samun rangwame, ya riƙe katinsa da fasfo. Duk da haka ka cika aljihu da ƙananan takardun fam na Masar, domin mai tsaron takalma da mai buɗe maka ƙofar hasumiya suna sa ran ɗan hasafi, kuma in ka miƙa babbar takarda canji ba zai dawo ba.

Takalmi mai sauƙin cirewa, da safa, da 'yar leda da za ka zuba takalmin ka riƙe abinka. Mata su zo da mayafi, wanda dama ba sai an gaya wa 'yan uwanmu ba. Ɗaukar hoto da waya ba a hana ba, amma ban da filasha a cikin gidan tarihi.

Zuwa Babul Khalƙ, ko dai ka kira Uber ka rubuta sunan gidan tarihin, ko ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ka sauka a tashar Muhammad Najib ka ƙarasa da ƙafa. Jirgin yana da taragu na mata zalla. In tasi ta titi za ka shiga, ku yi ciniki kafin ka zauna, ko ka ce a kunna mita.

Mataki na farko: awa biyu a gidan tarihi

Ka isa da ƙarfe tara, lokacin buɗewa. Ginin yana kan Titin Port Said, dogo ne mai layi-layin dutse ja da fari irin na Mamalik, ko da yake a 1903 aka buɗe shi. Bene na sama na Darul Kutub ne, gidan ajiyar littattafai, ƙasa kuma shi ne gidan tarihin. Daura da shi akwai hedikwatar 'yan sandan birni. Kada ka juya kyamara wajenta ko da wasa. Ita aka kai wa harin bam na mota ranar 24 ga Janairu 2014, wanda ya farfasa tagogin gidan tarihin da kayan gilashi da yawa, sai a Janairun 2017 aka sake buɗewa bayan gyara.

Gidan yana da kaya sama da 100,000 a ajiye, 'yan dubbai ne kawai aka baje. Ko su ɗin ba za ka iya gani duka ba, kada ma ka gwada. Ɓangaren dama ya bi zamani daki-daki, daga Banu Umayya zuwa Abbasiyawa, Fatimiyawa, Ayyubawa, Mamalik, har Usmaniyawa. Ɓangaren hagu kuma ya bi fanni: likitanci, ilimin taurari, rubutu, saƙa, makamai, kayan maƙabarta. Fara da dama. Abubuwa huɗu za ka koya wa idonka, su ne za su yi maka jagora a titi.

Na farko fitila. Nemi ɗakin Mamalik, ka tsaya gaban ɗaya daga cikin fitilun gilashi na Masallacin Sultan Hasan, ka ba ta minti biyar ita kaɗai. Tana da faffaɗan baki, da siririn wuya, da ciki kamar tulu. A jikin cikin akwai 'yan ƙananan kunnuwa na gilashi inda ake ɗaura sarƙa. A wuyan an rubuta farkon ayar nan ta Suratun Nur, "Allahu nurus samawati wal ard", da shuɗin fenti da aka gasa a wuta har ya zama jiki ɗaya da gilashin. A ƙasa kuma sunan sarkin da ya ba da aikin. Ba a zuba mai a cikinta kai tsaye, wani ɗan kofi ne ake sakawa a ciki da ruwa da mai da lagwani. In an kunna, hasken yana fitowa ta tsakanin haruffa, ayar da ke maganar fitila a cikin gilashi tana karantuwa a jikin fitila ta gilashi. Maƙeran sun san abin da suke yi.

Na biyu tambari. A jikin fitilu da tasoshin tagulla za ka riƙa ganin wani ɗan da'ira da aka raba gida uku, da hoto a tsakiya. Mamalik bayi ne da aka sayo suna yara daga ƙasashen Turkawa da Kaukasus, aka horar da su soja, kowanne kuma yakan riƙe alamar aikin da ya fara yi a fada har ya zama babban amiri. Kofi na mai shayar da sarki ne. Akwatin alƙalami na magatakarda. Takobi na mai riƙe makamai. Sanduna biyu masu lanƙwasa na mai kula da wasan ƙwallon dawaki. Shi sarki, daga ƙarni na 14, ba hoto a nasa sai rubutu: "Izzun li maulanas sultan". Da zarar ka gane wannan, za ka riƙa tsintarsa a saman ƙofofi a duk faɗin tsohon gari, ka san mai ginin tun kafin ka karanta allon bayani.

Na uku katako. Masar ba ƙasar itatuwa ba ce, katako mai kyau daga waje ake kawo shi, zafi kuma yana tanƙwara babban falle. Sai masassaƙa suka koma yanka shi ƙanana-ƙanana, suna sarƙa wani cikin wani ba ƙusa ba gam, kowane yanki da ɗan sararin da zai motsa in yanayi ya sauya. Daga nan tauraron nan mai tsinaye da yawa ya fito, wanda za ka gani a kowane mumbari. Duba mihirabin katako na hubbaren Sayyida Ruƙayya, na ƙarni na 12, ka matsa kusa har ka ga layin da yanki ya haɗu da yanki. A ɗakin Fatimiyawa kuma akwai dogayen allunan katako da aka sassaƙa mafarauta da makaɗa da barewa a jikinsu. Daga fadar Fatimiyawa suke. Da aka rushe fadar aka gina asibitin Sultan Ƙalawun a wurin, magina sun sake amfani da su, amma suka juya fuskar hotunan ciki, a haka suka ɓuya ɗaruruwan shekaru har masu gyara suka gano su. Riƙe wannan a ranka, anjima za ka tsaya a inda aka ciro su.

Na huɗu rubutu. Kufi mai kusurwa shi ne na farko, shi za ka gani a gine-ginen Ibn Ɗulun, wanda ya mulki Masar a ƙarni na 9, da na Fatimiyawa. Mai lanƙwasa dogo, sulusi, na zamanin Mamalik ne. Wanda ya yi karatun allo zai ji Kufin bai yi masa baƙunta ba, don rubutun Magariba da namu daga Kufi ya tsiro. Akwai dutsen kabari mai ɗauke da shekara ta 31 bayan Hijira, wato 652, lokacin sahabbai da yawa suna raye. Rubutun ba ɗigo ba wasali, ba ado ko kaɗan. Gwada karanta shi.

Sauran, ka wuce su da sauri amma kada ka tsallake: shantalin tagulla mai bakin zakara da ake danganta wa Marwan na biyu, halifan Banu Umayya na ƙarshe da aka kashe a Masar a 750, dinarin zinariya na shekara ta 77 bayan Hijira, daga kuɗin farko da aka buga da rubutu zalla ba hoto, mabuɗin Ka'aba na zamanin Mamalik, da kayan fiɗa da na auna taurari a ɓangaren hagu. Sha ɗaya ta yi, fita.

Mataki na biyu: Babu Zuwaila

Daga ƙofar gidan tarihi ka tsallaka ka bi Titin Ahmad Mahir gabas. Tafiyar kamar minti goma ce, cikin masu sayar da kayan katako da na gwangwani. Hasumiyoyi biyu masu kama ɗaya za su bayyana a gabanka, suna zaune a kan ƙofar ganuwa.

Ƙofar ita ce Babu Zuwaila, waziri Badrul Jamali ya gina ta a 1092, ita ce ƙofar kudu ta birnin Fatimiyawa. Hasumiyoyin ba nata ba ne, na masallacin da ke manne da ita ne, wanda Sultan Mu'ayyad Shaikh ya fara a 1415. Kurkuku ne a wurin a da, kuma shi kansa ya yi zaman kaso a ciki, ya yi bakance in Allah ya fid da shi ya ba shi mulki zai mayar da wurin masallaci. Dubi ƙyauren tagulla na masallacin da kyau. Ba don nan aka ƙera shi ba, daga Masallacin Sultan Hasan ya sa aka ciro, gobe za ka ga inda aka raba shi da shi. A bakin ƙofar nan kuma Sultan Salim na Usmaniyya ya sa aka rataye Tuman Bay, sarkin Mamalik na ƙarshe, a 1517.

Sayi tikiti ka hau. Matakalar hasumiyar matsattsiya ce, da duhu a wasu wurare, can ƙarshe ma sai wanda ba ya jin jiri. Mai ciwon gwiwa ya tsaya a kan rufin ƙofar, ya isa. Daga nan za ka ga hanyarka ta yau a miƙe zuwa arewa, da Ƙal'a, tsohuwar fadar sarakuna mai ganuwa, a kan tudu ta kudu maso gabas.

In ka sauko, leƙa kudu kaɗan kafin ka shiga gari. Masallacin Salih Ɗala'i na 1160 yana nan, an gina shi a kan shaguna don hayarsu ta riƙe shi, yanzu shagunan sun koma ƙarƙashin titi saboda yadda ƙasa ta taru a shekaru ɗari takwas. Gaba da shi kasuwar Khayamiyya ce mai rufi, inda masu ɗinkin rumfuna suke zaune suna ɗora ƙyalle kan ƙyalle da allura. In tsaraba kake so, a ganina nan ya fi Khan Khalili, domin kana ganin hannun da ya yi aikin. Farashin farko da za a faɗa maka ba shi ne farashi ba.

Mataki na uku: Azhar da azahar

Shiga ta Babu Zuwaila ka miƙe arewa cikin kasuwar tufafi har ka fito tsakanin gine-gine biyu na Sultan Ghuri, masallaci a hagu, hubbare a dama, na wajen 1505. Karya dama, 'yan mintoci kaɗan ga Azhar.

Jauhar Siƙilli, kwamandan da ya ci Masar wa halifa Mu'izzu, shi ya aza harsashinsa a 970, aka fara salla a ciki a 972. Abin da za ka gani yau tarin ƙari ne na sarakuna daban-daban. Ƙofar shiga, Babul Muzayyinin, inda ake yi wa ɗalibai aski a da, ta ƙarni na 18 ce. Daga tsakar masallaci ka ɗaga kai: hasumiya mai ado sosai ta Sultan Ƙayitbay ce, mai kai biyu ta Ghuri. Tsakar da baka-bakan da ke kewaye da ita su ne suka fi kusa da asali.

Nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. A tsarin da, ɗaliban kowace ƙasa suna da ruwaƙinsu, wato sashen kwana da karatu da ake ciyar da su daga waƙafi, kuma cikinsu akwai na Barnawa. Tun kafin haka ma, a wajen shekarun 1240, mutanen Kanem sun ba da kuɗi an gina makarantar Malikiyya ta Ibn Rashiƙ a tsohon garin Fusɗaɗ don ɗalibansu da alhazansu. Yaron Kano ko Damagaram da za ka tarar a gindin ginshiƙi yana bitar darasi, tsohuwar hanya ya biyo.

Yi sallar azahar a nan, ka ci abinci a kusa. Kushari, wato shinkafa da taliya da adas da soyayyar albasa, yana da arha kuma yana riƙe ciki. Ruwan rake da zoɓo suna ko'ina. Masallacin Husaini yana tsallaken titi. Khan Khalili kuwa ka ratsa ta kawai, duk wanda ya tare ka da "ya basha" ka ce "la, shukran" ka ci gaba, in ka tsaya la'asar za ta same ka a shagon turare.

Mataki na huɗu: Bainal Ƙasraini zuwa Babul Futuh

Koma Titin Mu'izzu ta layin masu zinariya ka yi arewa. Inda titi ya buɗe, nan ne Bainal Ƙasraini, filin da ya raba fadojin Fatimiyawa biyu. Fadojin sun tafi, manyan gine-gine uku na Mamalik sun jeru a hagunka. Akwai tikiti guda da ya haɗa yawancin wuraren wannan yanki, ana sayar da shi a nan kusa. Ana rufewa wajen ƙarfe biyar, saboda haka kada uku ta wuce ba ka iso ba.

Na farko na Sultan Ƙalawun ne, asibiti da makaranta da hubbare, an gama cikin wata goma sha uku, 1284 zuwa 1285. In lokacinka ya ƙure, wannan kaɗai ka shiga. Wani dogon lungu mai duhu zai kai ka, hubbaren yana dama. Ƙubbar tana zaune a kan ginshiƙai takwas, huɗu ginannu, huɗu na dutse guda da aka ɗauko daga tsofaffin gine-gine. Bango duk marmara ne yanka-yanka, akwai inda aka rubuta sunan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Kufi mai murabba'i har ya zama kamar zanen ado, sai ka natsu za ka ga rubutu ne. Haske yana shigowa ta tagogin gilashi masu launi. Asibitin, wanda ake jinyar kowa kyauta a cikinsa, kango ne yanzu a baya, ko da yake har yau akwai asibitin ido a harabar. Nan ne aka ciro allunan mafarauta da ka gani da safe.

Na biyu makarantar ɗansa Nasir Muhammad ce. Ƙofarta za ta ba ka mamaki, don ba ta yi kama da komai a titin ba. Ta coci ce, daga Akka aka ɗauko ta bayan Mamalik sun ƙwace garin daga hannun 'yan Salibiyya a 1291. Na uku na Sultan Barƙuƙ, 1384 zuwa 1386: ƙyauren tagulla mai tauraro, da rufin katako mai shuɗi da ruwan zinariya a wajen alƙibla. Nemi da'irar nan mai "Izzun li maulana".

Gaba kaɗan titi ya rabu biyu, a tsakiya ga sabil na Abdurrahman Katkhuda, na 1744. Abin da randar ƙofar gida take yi a wajenmu, shi wannan yake yi a babban birni: ƙasa tagogi ne da ake miƙo wa masu wucewa ruwan sha sadaka, sama kuma makarantar allo ta marayu. Bi hannun hagu. Masallacin Aƙmar na 1125 ƙarami ne, mutane suna wuce shi, amma shi ne na farko a Alƙahira da fuskarsa ta bi layin titi alhali cikinsa ya karkata ya fuskanci alƙibla, kaurin bango ya shanye bambancin. Duk manyan gine-ginen da ka baro a baya dabararsa suka ara.

In da sauran ƙarfi, karya dama a lungun Darbul Asfar ka shiga Baitus Suhaimi, gidan attajirai na 1648 da aka faɗaɗa a 1796, tikitinsa daban. Za ka ga yadda tagogin katako masu ƙananan ramuka suke shigo da iska su tare rana, su kuma bar matan gida su ga tsakar gida ba a gan su ba.

Titin ya ƙare a Masallacin Hakim, 990 zuwa 1013, da ƙofofin arewa biyu, Babul Futuh da Babun Nasr, na 1087. Masallacin ya ga rayuwa: ya yi kurkuku, ya yi barga, sojojin Napoleon sun mai da shi sansani, kuma a cikinsa aka fara tara kayan da suka zama gidan tarihin Babul Khalƙ, a shekarun 1880. Farar marmarar da ke ciki sabuwa ce, 'yan Bohra, wata jama'ar Shi'a ta Indiya, ne suka gyara shi a wajen 1980, masana gini da yawa kuma ba su ji daɗin gyaran ba. Ni ma ina ganin ya yi sabunta da yawa, amma wurin hutawa ne mai kyau kafin magariba. Tashar jirgi ta Babush Sha'ariyya ba ta da nisa daga nan.

Rana ta biyu: Ibn Ɗulun, Sultan Hasan, Ƙal'a

Yau tafiyar ƙafa ta ragu, gine-ginen sun ƙara girma. Ɗauki mota zuwa Masallacin Ahmad Ibn Ɗulun da sassafe. An gina shi daga 876 zuwa 879, kafin a kafa Alƙahira kanta, kuma shi ne masallaci mafi tsufa a birnin da ya tsaya a kan siffarsa ta asali. Ibn Ɗulun a Samarra ta Iraƙi ya tashi, ya zo da salon can: jan bulo da farar ƙasa maimakon dutse, ginannun ginshiƙai maimakon na aro, da hasumiya mai matakala ta waje tana naɗe ta. Hau, ba ta da wuya. A ciki ka dubi ƙasan baka-bakan, kowanne da zanensa, sannan ka nemi siririn layin Kufi a kan katako da ya bi ƙarƙashin rufi yana zagaye masallacin. Ƙubbar tsakiya da mumbarin na Sultan Lajin ne, 1296, wanda ya taɓa ɓuya a nan lokacin masallacin yana kango ana nemansa a kashe. Yankunan mumbarin na asali da yawa suna gidajen tarihin Turai, musamman Landan. A jikin bangon waje akwai gidan tarihi na Gayer-Anderson, tsofaffin gidaje biyu da aka haɗe. In ka shiga Baitus Suhaimi jiya, kana iya barinsa.

Bi Titin Saliba gabas zuwa filin da ke gindin Ƙal'a. Gine-gine biyu ƙatta suna fuskantar juna, da siririyar hanya a tsakani. Na hagu in ka fuskance su daga filin shi ne Sultan Hasan, 1356 zuwa 1363. An fara shi 'yan shekaru bayan annobar 1348, dukiyar waɗanda suka mutu ba magada ta koma baitulmali, da ita aka yi wani ɓangare na aikin. Ƙofar tana da tsawon da sai ka ɗaga kai har hula ta nemi faɗuwa, nan ne gurbin ƙyauren da ka gani jiya. Za ka bi ta wani lungu mai duhu mai karye-karye, kwatsam ka faɗo tsakar gida mai haske, da manyan rumfuna huɗu, a kusurwoyi kuma ƙofofin makarantu huɗu na mazhabobi huɗu, har da ta Malikiyya. Yanzu ɗaga kai. Dogayen sarƙoƙi suna saukowa daga can ƙololuwa, jeri-jeri. Fitilun da ke jikinsu na kwaikwayo ne, na ainihin su ne ka tsaya a gabansu jiya da safe. A rumfar alƙibla akwai faffaɗan layin Kufi daga Suratul Fathi a kan zanen ganye, wanda a ganina ya fi duk wani rubutun bango a birnin. Hubbaren yana bayan mihirabi, amma mai shi ba ya ciki: an kashe Sultan Hasan a 1361, ba a ga gawarsa ba.

Na daura da shi, Masallacin Rifa'i, kada kamanninsa su ruɗe ka. An fara shi a 1869, aka gama a 1912. A ciki aka binne Sarki Faruƙ da Shah na Iran na ƙarshe, wanda ya rasu a Alƙahira a 1980. Minti ashirin sun ishe shi.

Ƙal'a tana kanka, amma mashigarta tana ta baya, ta Titin Salah Salim, sai ka ɗauki mota ka zagaya. Salahuddin Ayyubi ya fara gina ta a 1176, daga nan aka mulki Masar kusan shekara 700. Kowa Masallacin Muhammad Ali yake nufa, mai ƙubbobi irin na Santambul, wanda aka fara a 1830, kuma daga farfajiyarsa ana ganin birnin duka, har dalar Giza in sama ta washe. Bayan ka gama da shi, tsallaka zuwa ƙaramin da ke kusa, mai koren tayil a kan hasumiya, na Nasir Muhammad, wanda aka gina a 1318 aka sake faɗaɗa shi a 1335. Wannan sarkin ne Mansa Musa na Mali ya hau Ƙal'a ya gana da shi a 1324 a hanyarsa ta hajji, zuwan da ya zubar da darajar zinariya a kasuwar Alƙahira. Ginshiƙan masallacin iri-iri ne, an tsinto su ne daga gine-ginen Fir'aunoni da na Rumawa.

In rana ba ta yi nisa ba, daga ƙofar Ƙal'a ka ce wa direba Imam Shafi'i. Hubbaren yana cikin maƙabartar Ƙarafa, 'yar tafiya kaɗan ta kudu, Sultan Kamil ya gina ƙubbarsa a 1211, akwatin katakon da ke kan kabarin kuma tun zamanin Salahuddin yake, irin sarƙaƙƙen aikin nan na yanki cikin yanki. Unguwa ce da mutane ke zaune a tsakanin kaburbura, lungunanta suna da rikitarwa, don haka ka je da rana, ka kuma roƙi direban ya jira ka, domin samun wata motar daga can yana da wuya.